Gidajen Jana'iza na Gado a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

A wurinmu idan an yi rasuwa da hantsi, maƙwabta ne ke haƙa kabari, dangi su yi wanka da sutura, liman ya yi salla, kafin la'asar an dawo an shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Shi ya sa Bahaushe kan yi turus idan ya ji cewa a Amurka akwai iyalan da sana'arsu ta kaka da kakanni ita ce hidimar gawa, kuma ana ganin girmansu a unguwa.

Wai me ake yi a gidan jana'iza?

Kusan duk abin da jama'ar unguwa ke yi a nan, can wannan gida ne ke yi a biya shi. Su za su ɗauko gawa daga asibiti ko gida, su nemo takardar shaidar mutuwa da izinin binnewa, su gyara mamaci, su sayar da akwati, su ba da zauren da za a zo ban kwana, su kai shi maƙabarta a motarsu. Akwai dubban irin waɗannan gidaje a ƙasar, kuma mafi yawansu har gobe a hannun iyalai ko ɗaiɗaikun mutane suke. A da ma maigidan da iyalinsa a saman bene suke kwana, aiki yana ƙasa, don mutuwa ba ta jiran gari ya waye.

Yaya aka yi abin ya zama sana'a?

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ne ya buɗe ƙofar. Sojoji na mutuwa nesa da gida, iyaye na son a dawo musu da 'ya'yansu, sai aka shiga ɗura wa gawa magani don kada ta lalace a hanya. Da aka kashe Shugaba Abraham Lincoln a 1865, haka aka yi wa gawarsa, aka ɗauke ta a jirgin ƙasa gari-gari har garinsu Springfield, dubban mutane suna kallo. Daga nan al'adar ta samu karɓuwa. Kafintocin da ke haɗa akwati da masu hayar keken doki suka rikiɗe suka zama ƙwararrun masu jana'iza.

Me ya sa aka fi jin labarin waɗannan gidaje a tsakanin baƙar fata?

Nan ne gizo ke saƙar. A zamanin wariyar launin fata, yawancin Turawa masu wannan sana'a ba sa karɓar gawar baƙar fata, in ma sun karɓa sai ta ƙofar baya. Wannan wulaƙanci ya bar wa baƙaƙe kasuwar da babu mai yi musu takara a cikinta. Malamin makaranta gwamnati ke biyan sa, lebura da mai aikatau a hannun Bature suke cin abinci, kowane ana iya korar sa gobe idan ya ɗaga murya. Mai gidan jana'iza kuwa kuɗinsa daga aljihun mutanensa yake fitowa, babu ubangidan da zai ja masa kunne. A ganina wannan shi ne asalin darajarsu, fiye da duk wani zancen tausayi ko iya rarrashi.

A Birmingham ta jihar Alabama, A. G. Gaston ya fara ne a 1923 da wani irin adashin binnewa: ma'aikata su riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, ranar da ta Allah ta kasance a yi musu sutura cikin mutunci. Daga nan ya kai ga gidan jana'iza, kamfanin inshora, banki da masaukin baƙi. A 1963, da aka tsare Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, a garin, Gaston ne ya biya kuɗin belinsa, kuma a masaukinsa jagororin gwagwarmayar suke taro, har aka tayar da bam a wurin cikin watan Mayu na shekarar.

Ko akwai gida ɗaya da za a iya bin tarihinsa?

Akwai R. S. Lewis da 'Ya'yansa a Memphis, wanda Robert Lewis ya kafa a 1914. Mutumin bai tsaya kan gawa kaɗai ba: ya taɓa mallakar ƙungiyar wasan ƙwallon gora (baseball) ta baƙaƙe, Memphis Red Sox, a lokacin da ba a barin su wasa da Turawa. Da King ya zo Memphis a 1968 don mara wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu, gidan Lewis ne ya ba shi mota da direba. Ranar 4 ga Afrilu aka harbe King a masaukin Lorraine, kuma gidan da ya ba shi mota shi ne ya karɓi gawarsa. Suka kwana suna gyara fuskar da harsashi ya ɓata, da safe jama'a suka shigo suka gan shi kafin a wuce da shi Atlanta.

Shekara 13 kafin haka, a Chicago, gidan A. A. Rayner ya karɓi gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka yi wa kisan gilla a Mississippi a 1955. Akwatin ya iso a rufe. Mahaifiyarsa ta dage sai an buɗe, kuma ta ce a bar duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Rayner ya bi umarninta. Mujallar Jet ta buga hotunan, dubban mutane suka yi layi, kuma wannan jana'iza tana cikin abubuwan da suka hura wutar neman 'yanci. Akwatin da aka nuna gawarsa a ciki yanzu yana gidan tarihin baƙar fata na Washington.

Ban da binne mutane, me unguwa ke samu a wurinsu?

Abubuwa ƙanana masu yawa: aron kujeru ranar biki, kalanda, mafitai masu ɗauke da sunan gidan da ake rabawa a coci lokacin zafi, da kuma uwa uba lamuni ga wanda mutuwa ta zo masa babu ko sisi. Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne motar asibiti. Wani rahoton da aka fitar a 1966 ya nuna kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a Amurka masu jana'iza ne ke yin sa, don su ne ke da motar da mutum zai miƙe a ciki.

Amma ba cin kuɗin masu makoki ba ne kawai?

Zargin yana da tushe. Wanda ke cikin kuka ba ya ciniki, kuma an daɗe ana tura mutane sayen akwati mai tsada da sunan girmama mamaci. A 2023 matsakaicin kuɗin jana'iza da binnewa ya kai dala 8,300, ban da filin kabari. Tun 1984 dokar tarayya ta wajabta a ba mutum jerin farashi a rubuce, ta kuma hana a tilasta masa sayen abin da bai buƙata. Gidan gado ba waliyyi ba ne, sai dai yana da abin tsoro: mai shi zai haɗu da waɗanda ya cuta a coci ranar Lahadi.

Har yanzu a hannun iyalan suke?

Ba duka ba. Kamfanin Service Corporation International na Houston, wanda aka kafa a 1962, ya mallaki gidaje kusan 1,500 a Amurka da Kanada. Dabararsa ita ce idan ya sayi gida sau da yawa ba ya goge sunan iyalin daga allo, don ya san sunan ne ke kawo jama'a. Ga kuma ƙona gawa, da yanzu ya zarce rabin duk jana'izar ƙasar, kuma ribarsa ba ta kai ta binnewa ba. Sannan ba kowane jika ne ke son gadon waya mai ƙara da tsakar dare ba.

To Musulmin da ke zaune can fa?

Su ma yawanci sai sun bi ta wannan hanya saboda takardu da jigilar gawa. Masallatai da dama sun ƙulla yarjejeniya da wani gida na kusa: gidan ya ɗauko gawa ya kammala takardu, 'yan uwa Musulmi su yi wanka su sa likkafani da hannunsu, a yi salla, a binne a sashen Musulmi na maƙabarta. Ɗura magani ba dole ba ne idan za a binne da wuri, kuma doka ta hana mai gidan ya ce wa iyali wajibi ne alhali ba haka ba. Wanda zai dawo da gawa Kano ko Yamai ne ke cin karo da ƙa'idojin kamfanonin jirgi da na ofishin jakadanci, da kuɗin da sau tari sai 'yan gari sun yi karo-karo kafin a haɗa.