Waiwaye: Yadda asibitin mutanen Asheville ya koma hannun kamfani

Yawancin asibitocin ƙananan garuruwan Amurka mutanen gari ne suka kafa su: coci-coci, ƙungiyoyin mata da masu hannu da shuni. A 1946 dokar Hill-Burton ta buɗe bakin aljihun gwamnatin tarayya don gina asibitoci, bisa sharaɗin a riƙa duba marasa hali kyauta. Kwamitin amintattu kuwa 'yan gari ne, mai kanti da lauya da ma'aikacin banki. In aka wulaƙanta majinyaci, gobe za a tare ɗan kwamiti a kasuwa a faɗa masa.

Lissafi ya sauya da zuwan inshorar tsofaffi ta Medicare a 1965, domin jinya ta zama harkar da ke da kuɗi tabbatattu. Shekara uku bayan nan aka kafa HCA, kamfanin asibitoci na neman riba, a birnin Nashville na jihar Tennessee, ya shiga gina asibitoci da sayen wasu. A 1983 Medicare ta daina biyan duk abin da asibiti ya kashe, ta koma biyan ƙayyadadden kuɗi gwargwadon ciwo. Ƙananan asibitoci suka ji jiki. Na'urori sun yi tsada, ƙwararrun likitoci ba sa son zaman ƙauye, kamfanonin inshora kuma ba sa sauraron ƙaramin asibiti a wajen ciniki.

Asibitin Mission da ke Asheville, a jihar Karolina ta Arewa, wasu mata ne suka assasa shi a 1885. A hankali ya girma har ya haɗa da ƙananan asibitocin garuruwan kan duwatsu irin su Brevard, Franklin da Spruce Pine. Ba don riba aka kafa shi ba, kuma bai durƙushe ba, amma kwamitinsa ya ce gaba da wuya. A farkon 2019 aka sayar wa HCA a kan kimanin dala biliyan 1.5.

Kuɗin bai bar yankin ba: an zuba shi a gidauniyar Dogwood Health Trust mai hidima ga gundumomi 18. Abin da ya tafi Nashville shi ne ikon yanke hukunci, wato yawan ma'aikatan jinya a kowane ɗaki da sashen da za a rage. Babban lauyan jihar na lokacin, Josh Stein, ya hango haka, sai ya matsa aka ƙara sharuɗɗa. HCA zai ci gaba da muhimman ayyuka har shekara 10, za a naɗa mai sa ido mai zaman kansa, kuma ba za a rufe waɗannan ayyuka ba sai da yardar kwamitin shawara na 'yan gari. A ganina nan gizo ke saƙa. Takarda ta hana rufe sashe, amma auna ko sashen yana aiki kamar da ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Ba a daɗe ba koke ya yi yawa. Likitoci da dama suka bar aiki, ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 2020, garin Brevard ya kai ƙarar HCA a 2022. A Disambar 2023 Stein da kansa ya maka HCA a kotu, yana zargin kamfanin da saɓa alkawari a sashen gaggawa da na masu ciwon daji. Kamfanin ya musanta. A farkon 2024 hukumar Medicare ta ce yanayin asibitin na jefa rayukan majinyata cikin haɗari, har sai da aka yi gyara.

Sai guguwar Helene ta auka wa yankin a Satumbar 2024, famfunan Asheville suka ƙafe makonni. HCA ya jero tankokin ruwa, ya haƙa rijiyoyi, ya kawo ma'aikata daga wasu jihohi, asibitin bai rufe ƙofa ba. Ko masu sukar cinikin ba su raina wannan ba, don aiki ne na mai dogon hannu.

Stein dai yanzu shi ne gwamnan jihar. Wa'adin shekara 10 da ya sa aka rubuta zai cika a 2029, kuma daga nan yawancin abin da ke ɗaure hannun kamfanin a kan asibitocin Brevard da Franklin zai warware.