Idan kotu ta soke ƙarar martani, me ya rage wa mai ita?

Mece ce ƙarar martani?

Magini ya maka mai gida a kotu yana neman cikon kuɗin aikinsa. Mai gida ya ce ai shi ma yana da magana: rufin da aka yi masa yoyo yake, tun ruwan farko silin ya jiƙe, don haka maginin ne zai biya kuɗin gyara. Wannan da'awa ta biyu ita ce ƙarar martani. Mai kare kai cewa yake "ba ka bi na komai", mai martani kuwa cewa yake "ni ne ma nake bin ka". A tsarin shari'ar da ya samo asali daga Ingila ƙara ce mai zaman kanta, ko maginin ya janye tasa, ta mai gida na nan daram.

Me ke sa alƙali ya soke ta tun ba a saurari shaidu ba?

Dokokin shari'ar neman haƙƙi na Ingila, da suka fara aiki a 1999, sun kawo dalilai uku a doka ta 3.4. Na farko, ko an ɗauka duk abin da mutum ya rubuta gaskiya ne, doka ba ta ba shi komai a kai. Na biyu, wasa da kotu, kamar tono maganar da aka riga aka yanke wa hukunci. Na uku, ƙin bin ƙa'ida ko umarnin kotu. Wannan na ukun ya fi ɓata mini rai, domin mutum na iya zama da gaskiyarsa tsaf, sakacin shigar da takarda ɗaya kan lokaci ya jawo masa asara. Sai dai alƙalai ba su cika gaggawar sokewa ba. In gyaran rubutu zai ceci da'awar, galibi sukan ba da dama a gyara.

Sokewa da kora ɗaya ne?

A'a. A kotuna da yawa, ciki har da na Najeriya, ƙarar da aka soke ana iya sake shigar da ita bayan an gyara kuskuren, wadda aka kora bayan an duba gundarinta kuwa ta tafi ke nan, sai ɗaukaka ƙara. Amma wa'adin da doka ta ba mutum na neman haƙƙinsa ba lallai ya jira shi ba.

Ana iya ɗaukaka ƙara?

Ana iyawa, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. A Ingila sai an nemi izini, yawanci cikin kwana 21, kuma sai an nuna akwai kyakkyawar damar nasara ko wani dalili mai ƙarfi. A Najeriya, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 14 ne in hukuncin na tsakiyar shari'a ne, wata 3 in na ƙarshe ne. A kotunan tarayya na Amurka sau da yawa sai an jira ƙarshen shari'ar baki ɗaya, sai fa in alƙali ya ware wannan hukuncin ya mai da shi na ƙarshe a ƙarƙashin doka ta 54(b).

To, soke ƙarar martani na tsakiya ne ko na ƙarshe? Lauyoyi kan yi ta jayayya a kan wannan, tunda martanin ya mutu amma babbar ƙarar na ci gaba. Shawarata, ka ɗauki gajeren wa'adin, ka sa lauyanka ya karɓo kwafin hukuncin tun ranar da aka yanke shi.

Me kotun sama za ta duba?

Ba sabuwar shari'a za ta buɗe ba. Za ta duba ko alƙali ya kuskure wa doka, ko ya bar abin da ya kamata ya auna. In abin da doka ta bar wa ganin damarsa ne, da wuya ta taɓa shi don kawai ita da ba haka za ta yanke ba. Kuma ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya tsayar da ƙarar maginin, sai mai gida ya roƙi a dakatar da ita a takarda ta daban.