Masarautun Maya da zuwan Turawan Sifaniya

Masarautun Maya wasu ƙananan ƙasashe ne a yankin Yukatan, kudu maso gabashin Meksiko ta yanzu, da suka ɓullo bayan birnin Mayapan ya rushe a tsakiyar ƙarni na 15. Ƙasar ta dare gida wajen 16, kowa da nasa. A wasu akwai babban sarki da ake kira halach uinic, ƙarƙashinsa kuma batab, wato kamar dagaci ko hakimin gari, wasu kuwa tarin garuruwa ne kawai ba mai faɗa a ji. Manyan gidajen sarauta biyu, Xiu na Mani da Cocom na Sotuta, ba sa ga maciji da juna tun rikicin Mayapan ɗin.

A 1502 Kolombus ya ci karo da wani ƙaton kwalekwalen fatake kusa da gaɓar Honduras ɗauke da koko da tufafin auduga da gatura na jan ƙarfe, ana kyautata zaton na Maya ne. Amma haɗuwa ta sosai sai a 1511, da jirgin Sifaniyawa ya nutse waɗanda suka tsira suka faɗa hannun mutanen Yukatan, a ƙarshe biyu ne suka rage, Gerónimo de Aguilar da Gonzalo Guerrero. Shi Guerrero ai gaba ɗaya ya zama ɗan gida, ya yi aure a Chetumal ya haifi 'ya'ya har ya zama jagoran yaƙi, da Hernán Cortés, jagoran Sifaniyawan da daga baya suka ci daular Aztek ta tsakiyar Meksiko, ya aiko a zo da su a 1519 ya ce ba inda za shi. Aguilar ne ya bi Cortés ya zama tafinta.

Kafin nan a 1517 Francisco Hernández de Córdoba ya taso daga Kyuba da jirage 3 da mutum wajen 110, a Champoton mayaƙan sarki Moch Couoh suka yi musu kaca-kaca, sun kashe kusan 50, shi kansa raunin da ya ji ne ya yi ajalinsa bayan ya koma Kyuba. Juan de Grijalva ya biyo baya a 1518.

Abin mamaki, rarrabuwar nan da ake gani rauni ce ita ta fi wahalar da Turawan. Aztek da ke da babban birni guda sun faɗi a 1521, nan kuwa ba wani kai da za a sare a huta, ka ci wannan gari na gaba bai san zancen ba, ga zinariyar da suka zo nema ba ta taka kara ta karya ba. Francisco de Montejo ya fara yaƙi a 1527 ya sha janyewa, sai a 1542 ɗansa ya kafa birnin Merida, shi ma da taimakon gidan Xiu da suka gwammace baƙo a kan Cocom. Masarautar Itza ta Nojpeten, can cikin dajin Guatemala, ba ta faɗi ba sai 1697.