Lambobin Tunawa da Bikin Cikar Shekarun Sarauta a Birtaniya

Lambar bikin cikar shekaru lambar girma ce da fadar Birtaniya ke rabawa idan sarki ko sarauniya ta cika shekara 25, 50, 60 ko 70 a kan karaga. Ba ta jarumta ba ce. Shaida ce cewa mutum yana bakin aikinsa na hidimar ƙasa a ranar da aka cika waɗannan shekaru, kuma a Birtaniya ba a rubuta sunan mai ita a jikinta. Ana rataya ta da ƙyalle mai launi a ƙirji, ta hagu.

Al'adar ta kankama ne a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta hau mulki a 1837. Da ta cika shekara 50 a 1887, an ƙera lambar iri uku: ta zinariya ga 'yan gidan sarauta, ta azurfa ga ministoci da manyan hafsoshi, ta tagulla ga ƙananan sojoji da ma'aikatan da suka yi hidimar bikin. A 1897, da ta cika shekara 60, wanda ya riga ya samu ta farko ba a ba shi sabuwa ba, sai aka maƙala masa ɗan ƙarfe mai ɗauke da shekarar a kan ƙyallen tsohuwar.

A 1935 Sarki George na Biyar ya cika shekara 25, aka raba kimanin lambobi 85,000 a faɗin daular. Kowace ƙasa an yanka mata kasonta, hukumominta kuma suka zaɓi waɗanda za su samu.

Wannan tsari na kaso shi ya jawo ƙorafi a 1977, lokacin bikin shekara 25 na Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Lambobi 30,000 kacal aka ware wa Birtaniya, 9,000 daga ciki na sojoji. Rundunar da ke da ɗaruruwan mutane sai ta samu 'yan ƙalilan, aka bar wa kwamandoji su zaɓa, mutane da yawa da suka daɗe suna aiki suka tashi hannu rabbana. Ƙorafin yana kan gaskiya, domin lambar da aka yi don tunawa da hidima bai kamata ta dogara da son ran shugaba ba. A 2002 aka sauya doka: duk sojan da ya cika shekara biyar yana aiki zuwa ranar 6 ga Fabrairu, ranar da sarauniyar ta gaji mahaifinta a 1952, ya cancanta. Haka 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya. Daga nan adadin ya haura zuwa dubu ɗaruruwa, kuma kusan a kan wannan ma'auni aka tafi a 2012 da 2022. Masu riƙe da lambobin jarumta na Victoria Cross da George Cross da ke raye su ma ana ba su.

Ta 2022, ta cikar shekara 70, ita ce irinta ta farko, don babu wanda ya taɓa kai wannan adadi a sarautar Birtaniya. Timothy Noad ne ya tsara ta. Ƙyallenta ya haɗa launukan bukukuwan baya: ruwan azurfa na 1977, shuɗi na 2002, ja na 2012.

Kanada, wadda ita ma take ƙarƙashin sarautar Birtaniya, ta saba ƙera tata daban, tana kuma ba farar hula masu aikin sa-kai da hidimar al'umma; a 2012 ta raba 60,000. Amma a 2022 gwamnatin tarayyar ƙasar ba ta fitar da lamba ba, sai wasu larduna, irin su Alberta da Nova Scotia, suka ƙera nasu.