Tarin Fuka da Nakiyoyin da Yaƙi Ya Bari: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne ya haɗa cutar huhu da nakiyar da aka binne a ƙasa?

Abin da ya haɗa su shi ne gudun hijira da talauci. A jihohin Borno da Yobe da Adamawa, inda rikicin Boko Haram ya ɓarke tun 2009, an dasa nakiyoyin haɗin gida a hanyoyi da gonaki, kuma ba sa bambance soja da manomi ko yarinyar da ta fita neman itace. Manomin da ya ji tsoron sa fartanya a gonarsa ba shi da zaɓi sai dai ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira ko ya tafi cirani, kuma da yawa daga masu dako da gadi da turin ruwa a Agege, Mile 12 da Idi-Araba ta wannan hanya suka iso Legas. Cunkoso da ƙarancin abinci da suke tararwa a sansani ko a birni su ne ainihin abin da tarin fuka yake buƙata.

Yaya cutar take yaɗuwa?

Ƙwayar cutar, wadda Robert Koch ya sanar da gano ta ranar 24 ga Maris, 1882, tana bin iska ne idan mai ɗauke da ita a huhu ya yi tari ko atishawa. Ba a ɗaukar ta ta gaisawa da hannu, kuma ba sammu ba ce, ba gado ba ce. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin 'yan cirani da dare ya san yadda abin yake: maza takwas ko goma a kan tabarmi, tagar guda ɗaya an toshe ta da kwali saboda sauro, mutum ɗaya yana tari har asuba sauran suna shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 10.8 suka kamu a 2023, kimanin miliyan 1.25 suka rasu, kuma Najeriya ce ta fi yawan masu cutar a Afirka.

Ana warkewa? Nawa ne kuɗin magani?

Ana warkewa sarai, kuma gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Wanda tarinsa ya kai mako biyu, musamman idan akwai zazzaɓi, zufan dare, rama ko jini a kaki, ya kamata ya je a ba shi ɗan kofin roba ya tofa kaki a auna da na'urar GeneXpert. Magani yakan ɗauki wata shida. A nan ne gizo yake saƙa, domin bayan 'yan makonni jiki yakan yi sauƙi, sai mai dako, wanda abincinsa na yau yana cikin aikinsa na yau, ya koma kasuwa ko ya tafi gida noma ya bar shan ƙwayoyin maganin. Yin haka yana iya haifar da nau'in da ba ya jin maganin farko, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala. A ganina, shugabannin al'umma da limamai za su fi taimako idan suka ɗauki nauyin abinci da kuɗin motar majinyaci, maimakon a tsaya kan wa'azin a je asibiti kawai. Wanda tafiya ta kama shi kuma ya nemi takardar sauya cibiya kafin ya hau mota.

Shin batun nakiya ya shafi Legas kai tsaye?

Ba a dasa nakiyoyi a Legas ba, amma birnin ya ɗanɗana abin da makaman da aka yi sakaci da su suke jawowa: ranar 27 ga Janairu, 2002, ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, fiye da mutane dubu suka rasu, akasarinsu sun nutse a magudanar ruwa ta Oke-Afa suna gudun tsira. Masu sana'ar jari-bola da gwangwan su lura, baƙon ƙarfe mai tsatsa da ya yi kama da harsashi ko bam ba a ɗaga shi ba a kuma buga shi, jami'an tsaro ake kira.

Ana iya raba ƙasa da nakiyoyi baki ɗaya?

An taɓa yi. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997 ta haramta nakiyoyin da ake dasa wa mutane, Najeriya ta shiga a 2001, kuma Mozambik ta ayyana kammala share sanannun filayenta a 2015 bayan sama da shekara ashirin ana aiki. Cikin waɗanda suka yi aikin har da ƙungiyar APOPO, mai horar da burgu a Morogoro ta Tanzaniya domin ya sansano nakiya, tun da nauyinsa bai kai ya tayar da ita ba. Irin wannan burgun ne kuma ake koya wa sansano tarin fuka a kakin da asibitoci suka riga suka auna, sannan a sake tabbatar da abin da ya nuna a ɗakin gwaji kafin a kira majinyaci ya fara magani.