Waiwaye: Yakutiya, Inda Ake Jiran Sanyi Kamar Yadda Manomi Ke Jiran Damina

Duk shekara idan kaka ta kama, hukumar kula da yanayi ta Rasha, Roshydromet, takan fitar da hasashenta na watannin sanyi, daga Oktoba zuwa Maris. Mutumin Mosko zai karanta ya san kaurin rigar da zai tanada. Mutumin Yakutiya kuwa, can ƙuryar arewa maso gabashin Saberiya, abin da yake nema a ciki ya fi haka nauyi: yaushe kogi zai daskare har mota ta bi ta kansa, kuma man ɗumama gidaje zai kai ƙarshen hunturu ko zai yanke a hanya?

Yakutiya, wadda 'yan ƙasa ke kira Saka, ta haura murabba'in kilomita miliyan 3, wato ta ninka Najeriya sau uku har da ɗoriya, amma mutanenta kusan miliyan ɗaya ne kacal. A babban birninta, Yakutsk, matsakaicin sanyin Janairu yakan doshi digiri 40 ƙasa da sifili.

Rashawa sun kafa sansani a bakin kogin Lena a 1632, suna karɓar harajin fatun dabbobi daga mutanen yankin. Sansanin ne ya zama Yakutsk. Sai da aka shafe kusan shekara 200 kafin a gane ainihin abin da garin yake zaune a kai. A 1828 wani ɗan kasuwa, Fyodor Shergin, ya fara haƙa rijiya a gidansa. Shekara tara ana haƙa, aka yi zurfin mita 116, babu ko ɗigon ruwa, ƙasar daskararriya ce tun daga sama har inda aka tsaya. Shergin bai sha ruwan rijiyarsa ba, amma ramin ya zame wa masana abin aiki. A 1844 wani masani, Alexander von Middendorff, ya sa ma'aunan zafi a cikinsa, aka samu hujjar cewa akwai ƙasar da ba ta narkewa rani da damina. Ramin yana nan har gobe a Yakutsk.

Auna sanyin iska kuma yana da nasa tarihin mai ban tausayi. Garin Verkhoyansk da ke arewacin Yakutiya wuri ne da sarakunan Rasha ke jefa 'yan adawar da suka kora, kuma waɗannan korarru ne suka fara riƙe littafin yanayi a can. Ivan Khudyakov ya yi wannan aiki a 1869, Sergei Kovalik ya ɗora a 1885. Mutum an kai shi inda ake so duniya ta manta da shi, ya tashi cikin duhun asuba yana duba ma'auni yana rubutawa. A ganina, duk mai karanta hasashen yankin yau yana cin gajiyar haƙurinsu ne.

A Fabrairun 1892 aka rubuta digiri 67.8 ƙasa da sifili a Verkhoyansk. Ranar 6 ga Fabrairun 1933 aka samu 67.7 a Oymyakon, tun daga nan garuruwan biyu ke jayayyar wanda ya fi cancantar kambun sanyi. Akwai wani allon tunawa a Oymyakon mai ɗauke da 71.2, sai dai wannan adadi lissafi ne aka yi, ba abin da ma'auni ya nuna ba. A 2020 Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da 69.6 da wata na'ura ta ɗauka a tsakiyar ƙanƙarar Girinlan a Disamban 1991, amma can babu mai kwana. A Verkhoyansk da Oymyakon ana haihuwa, ana aure, ana kiwon dawaki.

Me ya sa nan ta fi ko'ina? Yankin ya yi nisa da duk wani teku mai ɗumi, dare yana da tsawo, kuma wata iska mai nauyi takan zauna daram a kan Saberiya duk tsawon hunturu, sama ta washe, ɗan zafin da ƙasa ta tara ya tsere. Garuruwan nan biyu kuma cikin kwari suke, tsaunuka sun kewaye su. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangaro ta kwanta a kwarin kamar ruwa a kududdufi. Shi ya sa wanda ya hau tudu zai ji sanyin ya ragu. Sauƙin abin ɗaya ne: a irin waɗannan ranaku iska ba ta kaɗawa.

Kafin zuwan ma'auni, Sakawa suna da nasu hasashen. A tatsuniyarsu hunturu bijimi ne da ke fitowa daga tekun arewa. Wajen ƙarshen Janairu ƙahonsa ɗaya ya karye, cikin Fabrairu ɗayan ya bi, daga baya kan ya faɗi, bazara ta leƙo.

Je kasuwar manoma ta Yakutsk a tsakiyar Janairu ka ga kifi a tsaye cikin kwanduna kamar itacen girki, mai sayarwa gashin idonta ya yi fari fat. Hazon ƙanƙara ya rufe titi har ba ka ganin ƙarshen layi. Mota ko dai a bar injinta yana aiki, ko a lulluɓe ta da wani bargo na musamman. Idan sanyi ya kai wajen digiri 45 ƙasa da sifili, ƙananan 'yan firamare sukan zauna gida, manya kuma su tafi aikinsu.

To ga inda maganar take. Wannan sanyi da baƙo ke tsoro shi ne hanyarsu, shi ne harsashin gininsu. Jirgin ƙasa yana tsayawa ne a Nizhny Bestyakh, a tsallaken Lena daga Yakutsk, kuma an shafe shekara da shekaru ana maganar gada. Da rani jirgin fito ne ke haɗa gaɓoɓin biyu, daga wajen Disamba zuwa Afrilu kuma bisa ƙanƙara ake tuƙi. Tsakanin biyun akwai makonnin da ruwa bai daskare ba, jirgi kuma ba ya iya wucewa, kaya su yi ƙaranci, farashi ya hau. Ƙauyukan arewa da yawa ba su da titi sam sai wanda hunturu ya shimfiɗa musu a kan koguna da fadamu. Benayen Yakutsk kuwa a kan ginshiƙai aka ɗora su, da sarari a ƙasa, don kada ɗumin gida ya narkar da abin da ke riƙe da shi.

Yanzu lissafin ya fara rikicewa. Ranar 20 ga Yunin 2020, Verkhoyansk ɗin nan dai ta ga zafin digiri 38, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a yankin Aktik, Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar a Disamban 2021. A bazarar 2021 gobarar dajin Yakutiya ta yi munin da hayaƙinta ya kai har ƙurewar arewacin duniya. Kusa da garin Batagay akwai wani rami da ya fara tsagewa tun shekarun 1960 bayan an sare daji, yau tsawonsa ya kai kusan kilomita guda, kuma yana ci gaba da cin ƙasa. Wani binciken masana yanayi na Finlan a 2022 ya nuna Aktik tana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun daga 1979.

Kada wannan ya sa a ɗauka bijimin ya mutu. A Janairun 2023 sanyi ya sake zarce digiri 60 ƙasa da sifili a wasu ƙauyukan Yakutiya. Dole mai shirin hunturu ya tanadi mai kamar za a maimaita 1892, ya kuma sa a ransa cewa kogin na iya makara. Abin da ke damuna shi ne, idan ƙanƙara ta yi jinkiri, ɗan ƙauyen da ke can nesa ne ke fara ji a tukunyarsa.

Shi ya sa da zarar Lena ta fara kamawa, ma'aikatan hanya ke fita da na'urar huda, su auna kaurin ƙanƙarar, su tsotso ruwa daga ƙasa su malala a sama don ta ƙara kauri. Ƙananan motoci ake fara bari su wuce. Tireloli masu ɗauke da gari da mai su yi layi a gaɓa, direbobi na ciki injin yana ruri, suna jiran a ɗaga adadin nauyin da aka yarda ya hau ƙanƙarar.