Me ake nufi da "take off" a Turanci?

Na san "take" ɗauka ne. Me ya sa idan aka ƙara masa "off" sai ma'anar ta kuɓuce mini?

Domin ba a fassara kalmomin biyu ɗaya bayan ɗaya. Turanci na da wannan ɗabi'a: aikatau ya jawo wata 'yar ƙaramar kalma, su biyun su haifi sabuwar ma'ana. Amma a nan akwai zaren da ya ɗaure yawancin ma'anonin, wato abu ya rabu da inda yake manne. Riga ta rabu da jiki, jirgi ya rabu da ƙasa, ma'aikaci ya rabu da aiki na ɗan lokaci. A ganina riƙe wannan zare ya fi haddace jerin ma'anoni amfani.

Wacce aka fi ji a kullum?

Cire abin da ke jiki. "Take off your shoes" na nufin cire takalmanka, haka ma hula, agogo ko tabarau. Kishiyarsa "put on". Sai tashin jirgin sama: "The plane takes off at 9:40", jirgin zai tashi da ƙarfe 9:40. Kishiyar wannan kuma "land", sauka.

"Take off your cap" ne daidai ko "take your cap off"?

Duka biyun daidai ne. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen wakilin suna. Da zarar "it" ko "them" ya maye gurbin sunan abin, dole ya shiga tsakiya: "take it off". Ba a cewa "take off it". Kuskuren nan yana damuna, don sau da yawa wanda ya san ƙa'idar a rubuce ma sai ya zame idan ya zo magana. Maganinsa maimaitawa da baki har harshe ya saba.

An ce "her business took off". Kasuwanci na tashi sama ne?

Aro ne daga jirgi. Kasuwancin ya daɗe yana tafiyar hawainiya, sai ya bunƙasa farat ɗaya. "Took" shi ne sigar abin da ya wuce.

"I'm taking Friday off" fa?

Mai maganar ba zai je aiki ranar Juma'a ba, ya ɗauki hutu. Lura ranar ta zauna a tsakiya.

Idan aka ce "he took off" kawai?

Ya fice da sauri, wani lokaci ma ya arce. Maganar hira ce, ba ta dace da wasiƙar ofis ba. Can "left" za a rubuta. A Turancin Birtaniya kuma, "take someone off" na iya nufin kwaikwayon muryar mutum ko tafiyarsa don a yi dariya.